Hannayen da Za Su Ƙarasa Ginin Abuja

Abuja ta bambanta da sauran manyan biranen Nijeriya. Kano da Ibadan da Binin sun girma ne sannu a hankali, shekaru ɗaruruwa, gida bayan gida, unguwa bayan unguwa. Ita kuwa Abuja a kan takarda aka fara ganinta kafin a gan ta a ƙasa. A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko ya dace Legas ta ci gaba da zama babban birnin ƙasa. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, aka kafa dokar da ta samar da Yankin Babban Birnin Tarayya, tare da hukumar raya shi, wato FCDA. An kammala babban tsarin birnin a 1979, kuma wani mashahurin mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Japan, Kenzo Tange, shi ya tsara tsakiyarsa. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991.

An tsara a gina birnin ne a mataki huɗu. Mataki na farko ya ƙunshi Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar gari, kuma shi ne ya fi kusa da kammaluwa. Unguwanni irin su Jabi da Utako da Wuye suna mataki na biyu, Gwarinpa da Lokogoma kuma suna na uku. A cikin matakan baya akwai unguwanni da yawa waɗanda har yanzu ba su sami cikakkun tituna da magudanun ruwa ba. A ƙidayar 2006 an sami mutum kimanin miliyan 1.4 a yankin. Tun daga lokacin jama'a ke ta kwararowa, har Kubwa da Nyanya da Karu da Gwagwalada suka cika, birnin ya malala zuwa Mararaba a Jihar Nasarawa da Suleja a Jihar Neja. Ƙasar kanta haka take ƙaruwa: Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa 'yan Nijeriya za su haura miliyan 350 a shekarar 2050. Duk waɗannan mutane za su nemi gidaje da makarantu da asibitoci da kasuwanni. Aikin gini dai ba zai yanke ba. Abin tambaya shi ne su wa za su yi shi, kuma me ya kamata su iya.

Ma'aikatan wurin gini

Kafin mu amsa wannan tambaya, ya kamata mu san mutanen da ake samu a wurin gini. Za a iya kasa su gida uku.

Rukuni na farko su ne masana, waɗanda suka yi karatu mai zurfi. A cikinsu akwai mai zanen gini, wanda ke fitar da siffar gida a takarda, da injiniya, wanda ke lissafin nauyin da harsashi da ginshiƙai za su iya ɗauka. Akwai safiyo mai auna fili, da mai ƙiyasta kayan aiki da kuɗinsu, da kuma ƙwararren magini mai kula da yadda aikin ke tafiya. Kowannensu yana da hukumar da ke yi masa rajista. COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke kula da injiniyoyi. CORBON kuma, wadda dokarta ta fito a 1989, tana kula da ƙwararrun magina.

Rukuni na uku, idan muka tsallake na tsakiya, su ne leburori. Su ke haƙa rami da diga da shebur, su kwaɓa siminti, su ɗauki kankare a kwanon sarki su hau bene da shi. Da sassafe akan gan su a mahaɗar tituna, kowa da kayan aikinsa, suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini. Da yawansu sun zo ne cin rani daga Kano da Katsina da Zamfara, wasu ma daga Jamhuriyar Nijar.

A tsakanin waɗannan biyu akwai masu sana'ar hannu: birkila mai ɗora bulo, da kafinta, da mai ɗaurin rodi, da mai walda, da mai aikin famfo, da mai haɗa wutar lantarki, da mai shimfiɗa tayil, da mai fenti. A kansu akwai heluma, wato shugaban ma'aikata, wanda ke karɓar umarni daga injiniya ya rarraba aiki. Ɗalibi zai lura cewa kalmomi irin su birkila da kafinta da lebura aro ne daga Turanci. Amma magini kalmar Hausa ce tsantsa. An samo ta daga aikatau gina, aka sa mata ɗafa-goshi ma-, kamar yadda aka sami manomi daga noma da maƙeri daga ƙera. Jam'inta shi ne magina.

Giɓin da ke tsakiya

Abuja ba ta rasa leburori ba. Jami'o'i kuma suna yaye injiniyoyi duk shekara, har wasu ba su sami aiki ba. Inda ƙaranci yake shi ne a rukunin tsakiya, kuma ƙarancin na gwanaye ne. Masu kiran kansu birkiloli suna da yawa, amma wanda zai ja bango ya fito sak ba karkacewa, ya karanta taswira da kansa, ya kuma gama aiki a ranar da ya yi alkawari, sai an tona. Saboda haka 'yan kwangila da yawa a Abuja da Legas sukan ɗauko masu shimfiɗa tayil da masu adon silin daga Togo da Jamhuriyar Benin, su biya su da tsada, alhali matasanmu suna zaune ba aiki.

Dalilan wannan suna da yawa. Na farko shi ne yadda muke kallon sana'ar hannu. Iyaye da dama sun fi son a ce ɗansu yana da digiri, ko da zai shekara biyar yana yawo da takardu, a kan a ce shi kafinta ne. A makarantu ma an daɗe ana ɗaukar kwalejin fasaha a matsayin wurin wanda bai ci jarrabawa ba. A ganina wannan shi ne tushen matsalar, domin yaron da aka nuna wa tun yana ƙarami cewa sana'a abin kunya ce ba zai sa zuciyarsa a cikinta ba.

Na biyu shi ne lalacewar koyon sana'a a hannun maigida. A da, yaro yakan yi shekaru yana bin maigidansa. Yakan fara da miƙa kaya da kwaɓa ƙasa, sannan a bar shi ya taɓa bango, har ranar da za a yaye shi. Yanzu haƙurin ya ragu. Matashi yakan yi wata shida ya ga ya iya, ya sayi cokalin gini ya kama gabansa. Wani kuma yakan bar koyon gaba ɗaya ya koma acaɓa ko tuƙa keke mai ƙafa uku, domin a nan kullum ana samun na kashewa. Ba za a ga laifinsa sosai ba, tun da mai koyon sana'a sau da yawa ko kuɗin abinci ba ya samu. Amma tsofaffin gwanaye suna ta ajiye aiki, kuma abin da suka sani yana tafiya tare da su.

Gwamnati ta taɓa yunƙurin gyara. Tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda aka fara a 1982, ya tanadi koyar da fasaha tun daga ƙaramar sakandare, har aka sayo injuna daga ƙasashen waje. A makarantu da yawa injunan sun ruɓe a cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu kuma malamin da ya san yadda ake sarrafa su.

Abin da rashin gwaninta ke jawowa

Idan tela ya ɓata riga, asarar yadi aka yi. Idan magini ya ɓata bene, rayuka ake magana. Bari mu ɗauki kankare a matsayin misali, domin shi ne ƙashin bayan ginin zamani. Ana haɗa shi da siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, kuma kowanne da ma'auninsa. Wani ma'auni da aka saba da shi shi ne kashi 1 na siminti, kashi 2 na yashi, kashi 4 na tsakuwa. Idan aka cika ruwa, kwaɓin yakan yi sauƙin zubawa, ma'aikata su ji daɗi, amma ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Bayan an zuba shi, dole a riƙa yayyafa masa ruwa na aƙalla mako guda. Mutane da yawa suna zaton kankare bushewa yake yi ya taurara. A gaskiya ruwan ne ke haɗuwa da simintin ya ba shi ƙarfi, don haka idan rana ta busar da shi da wuri, sai ya yi rauni. Sai ya kwana 28 injiniyoyi ke ɗaukar cewa ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Wanda ya cire katakon da ke tokare da rufin bene tun lokaci bai yi ba, don yana sauri ya kai shi wani wurin aiki, ya jefa mutane cikin haɗari.

Haka abin yake ga rodi. Injiniya yakan rubuta kaurinsa da tazarar da za a bari tsakanin wannan da wancan. Mai ɗaurin rodin da bai iya karanta wannan ba zai ɗaura ne yadda ya saba, kuma da zarar an zuba kankare, ba mai sake ganin kuskuren.

Abuja ta sha ganin sakamakon irin wannan. Wani bene da ake cikin ginawa ya rufta a Jabi a watan Agusta na 2018, wani a Gwarinpa a Fabrairun 2023, wani kuma da mutane ke ciki ya faɗi a Garki a Agustan shekarar. A Legas, bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutum fiye da 40. Ba daidai ba ne a ɗora wa masu sana'a laifin duka. Akwai masu gini da ke ƙara hawa ba tare da izini ba, da 'yan kwangilar da ke rage siminti, da 'yan kasuwar da ke sayar da rodi maras inganci, da jami'an da ke kau da kai. Ƙasar tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma bin sa ya yi ƙaranci. Duk da haka, hannun mai sana'a ne na ƙarshe da ke taɓa aikin. Helumar da ya san abin da yake yi zai iya murza bulo da yatsa ya ce ba za a ɗora wannan ba.

Abin da ma'aikacin gobe zai iya

Tsofaffin sana'o'i ba za su ɓace ba. Muddin ana gini, za a nemi birkila da kafinta. Abin da zai sauya shi ne abin da ake bukata su sani. Na farko, dole su iya karatu da lissafi gwargwado: su gane taswira, su juya mita zuwa ƙafa, su ƙiyasta buhun siminti nawa bango zai ci. Taswirar ma ta fara barin takarda. A manyan ayyuka akan gina gidan gaba ɗaya a cikin kwamfuta tukuna, a ga inda bututun ruwa zai ci karo da wayar lantarki, a gyara tun ba a sayi bulo ko ɗaya ba. Safiyo yanzu da na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam yake awo, wani lokaci ma da ƙaramin jirgi maras matuƙi. Helumar gobe zai karɓi taswira a wayarsa ta hannu, ya aika da hoton aiki ta nan.

Injuna kuma za su ci gaba da karɓe aikin ƙarfi. Abin da leburori ashirin za su haƙa a yini, katafila za ta haƙa shi a cikin awa guda. Wannan labari ne maras daɗi ga wanda ƙarfinsa kaɗai ne jarinsa, amma ƙofa ce ga wanda ya koyi tuƙa katafila ko injin ɗaga kaya, ko ya iya gyaransu.

Akwai wani fanni da ba a cika kula da shi ba, wato kula da abin da aka riga aka gina. Gidajen gwamnati na farko a Garki sun haura shekara 40. Babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, ya sha bukatar gyara. Layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, ya fara aiki a 2016, jirgin cikin gari kuma aka buɗe shi a 2018, ya tsaya na wasu shekaru, aka sake tayar da shi a 2024. Kamfanin ƙasar Sin ne ya gina su, amma ba zai zauna har abada yana gyara su ba. Dogayen benaye suna da na'urar hawa da sauka, da na'urorin sanyaya ɗaki, da na kashe gobara, kuma kowacce tana neman mai duba ta a kai a kai. Ga kuma farantan da ke tara hasken rana, waɗanda ke ta yawaita a kan rufin gidaje saboda ƙarancin wuta da tsadar man janareta. Sau da yawa wanda ke ɗora su bai taɓa koyon aikin a ko'ina ba.

Yanayi ma ya shigo cikin maganar. Ambaliyar da ake yawan yi a wasu sassan Lokogoma da Lugbe ta nuna cewa ana bukatar mutanen da suka san aikin magudanar ruwa da kwalbati, da waɗanda za su iya cewa wannan fili hanyar ruwa ce. Zafi kuma yana sa a sake tunani a kan gidajen gilashi, waɗanda ba sa zaunuwa da zarar an ɗauke wuta.

A nan ne ilimin magina na gargajiya ke da abin faɗa. Hausawa sun daɗe suna gini da tubalin ƙasa da azara, suna shafe bango da makuba. Soron ƙasa mai kaurin bango yakan yi sanyi da rana, ya yi ɗumi da dare a lokacin hunturu. Sana'a ce mai tsari, har da Sarkin Magina a manyan garuruwa. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma har yau masana na zuwa kallon bakan gizon da ke riƙe da rufinsa. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na garin Yama, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, mai zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. A Nijeriya ma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi, NBRRI, wadda hedikwatarta ke Abuja, ta daɗe tana aiki a kan irin wannan tubali. Ba cewa ake yi a koma ginin da ba, domin ba za a yi bene mai hawa goma da azara ba. Amma duk lokacin da farashin siminti ya tashi, darajar wanda ya san ƙasa takan ƙaru.

Misalin Mariam Kamara ya nuna cewa fagen ba na maza kaɗai ba ne. A wuraren gini da yawa mata na ɗaukar yashi da ruwa a kan ɗan kuɗi kaɗan, alhali babu abin da zai hana mace ta zama safiyo ko mai haɗa lantarki ko mai fenti.

Sai kuma harshe. A wurin gini guda a Abuja za a iya samun injiniya Bayarabe, da mai sayar da kaya ɗan ƙabilar Ibo daga kasuwar Dei-Dei, da birkila Bagwari, da mai tayil daga Togo, da leburori Hausawa. Hausa da Turancin buroka su ne suka fi haɗa su. Injiniyan da zai iya cewa "A rage ruwa," ko "Kada a cire katakon nan sai na dawo," a kuma fahimce shi nan take, ya fi wanda sai ya nemi tafinta. Wannan na daga cikin amfanin Hausar da kuke koya.

Inda ake koyo

Hanyoyin shiga wannan fage sun fi ɗaya. Wanda ya gama ƙaramar sakandare zai iya shiga kwalejin fasaha, kamar ta Gwamnatin Tarayya da ke Orozo ko ta Garki, ya yi shekara uku, ya rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Daga nan zai iya kama aiki ko ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha ya yi difloma. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yana da cibiyar koyar da sana'o'i a Abuja, kuma shi ke kula da shirin da ke tura ɗalibai kamfanoni domin su ga aiki da idonsu. Ma'aikatar Ƙwadago tana yi wa masu sana'a gwaji ta ba su shaida mai daraja uku. Hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da wani tsari na auna abin da mutum ya iya yi da hannunsa. A ƙarƙashinsa, birkilan da ya koyi aiki wajen maigida, bai taɓa shiga aji ba, zai iya samun takardar shaida idan ya nuna gwanintarsa a gaban masu gwaji.

Wannan tsari na ƙarshe yana da muhimmanci, domin mafi yawan masu sana'armu a hannun maigida suka koya, kuma haka za a ci gaba. Makaranta tana koyar da dalili: me ya sa ake shayar da kankare. Maigida yana koyar da hannu: yadda ake riƙe cokali. A Jamus an haɗa biyun, mai koyon sana'a yakan yi wasu kwanaki a kamfani, wasu a makaranta, ana kuma biyansa alawus. A nan ma za a iya yin haka idan manyan kamfanonin da ke samun kwangila a Abuja suka ɗauki masu koyo, kwalejoji kuma suka sami kayan aiki da malaman da suka taɓa yin aikin da hannunsu.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sami birkila nagari sai an yi shekara uku zuwa huɗu ana horar da shi. Injiniya yana shekara biyar a jami'a, sannan ya yi wasu shekaru a ƙarƙashin manya kafin a yi masa rajista. Heluma kuwa sai ya daɗe a fagen aiki kafin a amince ya shugabanci wasu. Ke nan waɗanda za su shimfiɗa tituna da magudanun ruwa a unguwannin mataki na uku da na huɗu nan da shekara goma ko goma sha biyar, yawancinsu yanzu suna ajin sakandare.